Sadisu da Damin Geron da Ba Ya Cikin Manhaja

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanena Sadisu a Kanya Babba, kuma har yau in na tuna abin da aka yi masa a shekararsa ta ƙarshe a duniya, raina ɓaci yake yi. An ce in yi haƙuri, na yi. Amma haƙuri daban, mantuwa daban.

Sadisu yana ajin ƙarshe a tsangayar koyon aikin lauya lokacin da malaminsu na dokar filaye ya kammala darasin zango, ya rufe littafi, ya ce, "Akwai mai gyara?" Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san irin wannan tambaya. Babba ne yake yin ta don cika al'ada, yara su sunkuyar da kai su ce Allah ya saka da alheri, a watse. Shi kuwa Sadisu, wanda tun yana ƙarami in ka ce masa "zo mu ci" sai ya wanke hannu, ya ɗauka da gaske ake.

Ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai." Ya ce an yi wata da watanni ana karanta musu shari'o'in manyan birane da na ƙasashen waje, amma ba a taɓa ambaton aron gona ba. A wajenmu mutum yakan ara wa maƙwabcinsa gona, shi kuma duk kaka ya kai masa dami ɗaya na gero, ba don haya ba, sai don kada a manta mai ita. Shekarar da damin ya daina zuwa, a nan rigima ta fara, ko da sai jikoki ne za su yi ta. Ya ce wannan ce ƙarar farko da dangi za su kawo wa kowannensu, don haka a saka ta a darasi, a kuma riƙa kai su kotun alƙali su ga yadda ake yi.

Malam ya dube shi ya ce, "Jami'a ka zo ko gona?" Aji ya fashe da dariya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a wurin mutumin nan ya zama. Da sakamako ya fito, Sadisu ya ci komai sai dokar filaye, darasin da shi yake koya wa abokansa a ɗakin kwana. Ba ni da shaida, kuma shi da kansa ya sha gaya mini zargi ba hujja ba ne. To, ni malamin firamare ne a Ɓaɓura, ba lauya ba, ina da ikon yin zargina. A shekarar maimaici, a hanyarsa ta komawa rubuta jarrabawar, motarsu ta yi hatsari bayan Kazaure. Kwana ne ya ƙare, ban ce wani ya kashe shi ba. Amma an ƙwace masa shekara guda a banza, kuma ita ce ta ƙarshe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zaman makoki. 'Yan ajinsu suka cika mota suka zo, kowa yana cewa ai gaskiya Sadisu ya faɗa. Ina bakinku yake ranar da yake tsaye shi kaɗai? Ihu bayan hari ke nan.

Da Sadisu zai dawo yau, me zai tarar? 'Yata Rumasa'u tana tsangayar yanzu. Ta ce an ci gaba, ta waya ake turo musu tambayoyi su auna malami, kuma kowa "madalla" yake dannawa, don ba wanda ya yarda ba a ganin suna. Tsohon malamin ya yi ritaya, ɗaya daga cikin masu dariyar nan ne ya gaje shi, har da takardun darasin. Aron gona har yanzu bai shiga ba, alhali damina ba ta wucewa ba a yi rigimarsa daga Roni zuwa Gwiwa. Na san Sadisu ba zai yi zagi ba. Zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗalibi ne yake kwana a ɗakin.

Da hutun nan Rumasa'u ta same ni a zaure ta ce, "Baba, shi ma sabon yana tambaya ko akwai mai gyara."

Ni da na yi shekara tara ina zagin masu shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Ki karɓi takardarki tukuna, 'yar nan."

Ta ce, "Ai na riga na tashi. Maganar Baffa Sadisu na maimaita, har da damin."

Sadisu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, ko rigar lauya bai saka ba. Abin da ya bari shi ne wannan tashi tsaye, kuma ga shi ya faɗo a kan 'yata. Allah ya jiƙanka, Sadisu, ya sa ka huta. Sakamakonta bai fito ba tukuna. Ina alfahari da ita, kuma wallahi tsoro nake ji.