Sista Liyatu Ba Ta Yanki Kati Ba

Shekara tara na yi aiki da Sista Liyatu a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Minna, kuma har yau in na tuna da ita raina ɓaci yake yi. 'Yar Kudancin Kaduna ce, ta zo a 2001. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, shi ke nan muka samu jakin da za mu ɗora wa kaya. Duk wadda aikin dare ya faɗo mata sai ta lallaɓe ta: "Sista, taimaka mini, maigida zai yi faɗa." Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Da safe ta koma ɗakinta a Kpakungu, injin markaɗe na ruri a bayan tagarta, maƙwabta na buga ƙofa a duba musu zazzaɓin yara. Ina barci? Tun tana samun awa uku har ya zama ko ɗaya babu. Ta rame, ta fara kuka ba dalili.

To mu ma'aikatan asibiti muna da wata banzar ɗabi'a: ba ma yankar kati. Kunya ce wai a ga nas a layin marasa lafiya, balle a ce kanta ne ya taɓu. Sai ta tare Dakta Ndanusa a baranda.

"Likita, barci ya ƙaurace mini, wata huɗu ke nan."

"Haba Sista, gajiya ce kawai," in ji shi. Ya yagi takarda ya rubuta mata ƙwayar barci, ya wuce. Haka suka yi ta yi shekara biyu, a tsaye.

Wata rana a 2010 ta haɗa dare da safiya saboda wata ta tafi biki Bida. Barci ya sace ta a kan kujera, wata mai jego ta yi ta zubar da jini. Allah ya sa matar ta rayu, amma aka kafa kwamiti, aikin Liyatu ya hau siraɗi.

Ta ce musu ba ta da lafiya. Shugaban kwamitin ya ce, "Ina katinki?" Babu. Dakta Ndanusa yana zaune a wurin, wallahi ko tari bai yi ba. Mu da muka ɗora mata darenmu kuwa, kowa ta sunkuyar da kai. Na ji kunyar kaina, amma ban buɗe baki ba.

Ranar Talata takardar kora ta fito, wai sakaci da aiki. Tana tsaye tana karantawa, shugabarmu Matiron Alice ta leƙo, ta dafa kafaɗarta.

"Liyatu, yi haƙuri. Takardar sai Litinin za ta fara aiki. Ki ƙarasa mana daren makon nan, ba mu da kowa."