Sojojin Inna Kulu da Ruwan Farko

Satin nan gaba ɗaya teburin cin abincinmu ba shi da wurin ajiye ko cokali. Na shimfiɗa babbar takarda na zana taswira, na yanka kwali na yi 'yan sojoji, ga ƙwayoyin ludo a cikin kofi. Yarana da na 'yan'uwa za su taru a gidana hutun nan, kuma na yi musu alkawarin wasan nan da ake kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi, mutum ɗaya yana jan labarin. Sojoji suke so, masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, a wani zamanin da bai zo ba. Babban ɗana ya zaunar da ni yana yi mini bayanin dokokin wasan dalla-dalla, wai don kada in ruɗe. Na bar shi ya gama. Ban gaya masa ba cewa na yi wasan nan tun ban kai shekarunsa ba, a Ƙauran Namoda, a gaban wutar kakata.

Inna Kulu mahaifiyar babanmu ce, 'yar Zurmi, gajeriya mai kaifin baki. 'Ya'yanta biyu maza ne a gidan: babanmu, mai sayar da hatsi, da ƙanensa Baba Sale, direban babbar mota. Da kakanmu ya rasu sai suka saɓa a kan gonar gado da ke Banga. Abin ya yi zafi har aka kafa zana a tsakar gida, aka raba tukunya, aka raba kwanon yara. Ƙofar ɗakin Inna kaɗai ta tsira, domin zanar a daidai nan ta ƙare, kowane ɓangare yana iya zuwa. Baba Sale ya rantse sai an raba gonar ya sayar da rabonsa, ya kwashe iyalinsa ya koma Shinkafi kafin damina ta sauka.

Ni ba gona ce ta dame ni ba. 'Yarsa Murja sa'ata ce, tabarma ɗaya muka taso muna kwana, kuma idan aka kai ta Shinkafi a kan faɗa irin wannan na san ba za a bar mu mu ga juna ba. Inna ta kira 'ya'yan nata ta yi faɗa, ta yi lallashi. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna," ya fita ya ci gaba da abin da ya yi niyya.

A shekarar ne aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, aka rufe gidajen kallo na unguwa. Yayana Lawali da Murtala wan Murja sun daɗe da guje wa hirar Inna saboda gidan kallo, sai ga su sun dawo don ba su da wurin zuwa. Sun gaji faɗan iyayensu kaf, ko gaisawa ba sa yi. Wannan ya zauna can, wancan ya zauna can, kowa ya kumbura. Inna ta fara mana tatsuniyar kura bayan sallar isha'i, Lawali ya yi tsaki ya ce wannan ai ta jarirai ce.

"To, mijin banza, mi kuka kallo can da yaf fi nawa?" in ji Inna.

"Soja na, Inna, hannunai na ƙarhe. Harsashi ba ya kama shi."

"Shina cin tuwo?"

Lawali ya ce, "Ba a nuna ba."

"Ashe ba su iya labari ba. Ku zaka gobe, dut ku huɗu."

Kashegari na ga Inna tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai, bakinta yana motsi, tana jera ɓawon a ƙasa, ta matsar da wannan, ta kawar da wancan. Ta kira ni ta tambaye ni abin da Murtala ya fi tsoro, da abin da Lawali ya fi taƙama da shi. Na gaya mata. Ta ce in tafi, surutuna yana kore mata tunani.

Da muka taru ba ta buɗe da kalmomin da aka saba buɗe tatsuniya da su ba. Ta ce wannan ba ta zo ba tukuna, mu ne za mu je mu same ta. A zamanin jikokin jikokinmu, wasu azzalumai sun gina rumfar ƙarfe a sama, ta rufe ƙasar tun daga Zurmi har bayan Shinkafi. Allah yana saukar da ruwansa kamar kullum, amma a kan rumfar yake sauka, su tare shi, gonaki suna ƙonewa a ƙasa. Sai maƙeran tashar Ƙaura, can inda layin dogo ya ƙare, suka narka tsofaffin taragu suka gyara mutum huɗu su zama sojojin da za su hau su yage rumfar. Ta nuna mu da tsinken da take tona wuta. "Ku na sojojin. Ni ba ni tahiya ko'ina, hanya kawai nika hwaɗa muku. Abin da za ku yi, ku za ku hwaɗi."

Ta raba mana baiwa, kowace da abin da ta ci. Ni ina jin motsin tururuwa daga wani gari, amma ba na iya ɗaga murya sai raɗa, kuma sai an ce wa mai surutu irina ta yi raɗa za a san an hukunta ta. Murja ta fi jirgi gudu, amma idan tana gudu ba ta gani, sai na raɗa mata hanya. Murtala idonsa yana ratsa bango, jikinsa kuwa ko kara ya buge shi sai ya faɗi. Lawali ya samu abin da yake so, hannuwan ƙarfe masu ɗaga tarago. Ya miƙe yana nuna ƙwanji, Inna ta bar shi ya gama murna. Sannan ta ce duk abin da hannun ya taɓa sai ya ragargaje, har da ƙwaryar fura da lomar tuwo, don haka sai dai a ba shi a baki.

Idan ɗayanmu ya ce zai yi wani abu mai haɗari, sai Inna ta miƙo wata ƙwarya da ke cike da wake, fari da ja. Ka rufe ido ka zaro ɗaya. Fari, ka yi nasara. Ja, ka shiga uku, ita kuma ta faɗi irin ukun. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce anya wannan ba caca ba ce, a wannan lokaci da ake ciki? Inna ta ce, "Wa yac ci, wa anka cinye? Waken ma gobe shina cikin tukunya." Matar ta zauna don ta tabbatar, kuma ba ta sake fashin zuwa ba.

Ba zan manta ranar da sojan Lawali ya faɗi a gindin tsanin rumfa don yunwa ba. Inna ta aike ni da Murja leƙen asiri a cikin labarin, ya rage daga shi sai Murtala. Ta kawo kwanon dambu na gaske ta ajiye a tsakaninsu. Murtala ya kau da kai. Inna ba ta roƙe shi ba, ta dai ci gaba da faɗin yadda hannuwan suke sanyi, numfashin yana ja baya, ga sawun abokan gaba yana matsowa. Lawali ya kwanta a kan tabarma da hannuwa a sanƙame, girman kai ya hana shi roƙon Murtala. Murja ta fara hawaye. Sai kawai muka ji murya daga bayan zana.

"Kai Murtala! Ba shi mana! Soja shina mutuwa kana kallo?"

Baba Sale ne. Ashe kullum yana nan zaune a kan turmi yana saurare. Sai daga ɗaya ɓangaren muka ji babanmu ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba. Murtala ya ɗebi dambu ya tura wa Lawali a baki da ƙarfi, har ya kusa shaƙe shi, amma dai ya ba shi.

Daga nan yara muka koma ɗaya, manya kuwa ba su koma ba. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, wutar Inna ta koma 'yar ƙarama ta korar sauro. Baba Sale ya sa ranar tashi, ya ce ranar Alhamis idan an tashi kasuwar Shinkafi zai dawo da mota babu kaya ya kwashe iyalinsa. Ana gobe Alhamis Murtala ya zaro jan wake, aka kama sojansa aka kulle a saman rumfa. Yaron ya ƙi cin abinci, ya ce ba inda za shi sai an fito da shi. Aka ɗaga tafiya zuwa wata Alhamis. Kafin ta zo, tsani ya karye da mu. Aka sake ɗagawa.

Ni ce na fara lura cewa sa'armu ta lalace. Duk wanda ya sa hannu sai ja. Wata rana da hantsi na shiga ɗakin Inna na same ta tana tsince fararen wake daga ƙwaryar tana zuba jajaye. Muka haɗa ido. Ta ce, "Kina son Murja ta tahi?" Na girgiza kai. "To ba ki ga komi ba." Sai ta leƙa ta ƙofa ta kalli gabas, sama fes babu ko ɗigon gajimare, na ga fuskarta ta canza. Ranar na gane ita ma tsoro take ji.

Baba Sale da kansa ya gaji. Ya zagayo ya durƙusa a ƙofarta ya ce, "Inna, don Allah yaushe labarin ga ka ƙarewa? Mai gidan da nik kama a Shinkahi shina ta aiko min."

"Ni ka ƙare shi? Wake na. In kana sauri, sa hannu ka zaro musu hwari."

Ya sa hannu, ya zaro ja. Ya daɗe yana kallon ƙwayar, ya kalli uwarsa. Har yau ina zargin ya gane, domin mutumin da ke lodin buhuna ya san fari ya san ja. Ya mayar da waken ya ce Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe, ko an gama ko ba a gama ba.

Kafin Alhamis ɗin, wani yammaci iska ta juyo da ƙanshin ƙasa, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Inna ba ta jira isha'i ba, ana idar da la'asar ta ƙwala mana kira. Ƙwaryar nan ranar farin wake ne tas. Na raɗa wa Murja hanya, ta goya mu ta haye. Lawali ya ɓalle ƙofar kurkuku, Murtala ya fito ya duba ya nuna masa ƙusar da ta riƙe rumfar duka. Inna tana jan magana, tana satar kallon sama, ta sa ƙusar ta yi gardama, ta sa Lawali ya sake kamawa. Da ya zaro farin wakensa na ƙarshe ya ɗaga hannuwa ya yi ihu, ɗigo na farko ya faɗo a kan garwashi ya yi cuu. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka yi ta tsalle a tsakar gida muna ihun mun yage ta, mun yage ta, kuma wallahi a ranar babu mai iya gaya mana ba mu ne muka yi ba.

Da asuba babanmu da Baba Sale suka ɗauki iri da sungumi suka nufi Banga, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ƙasa ta jiƙa, shuka ba ta jiran shari'ar gado, kuma a wajenmu ba a raba gonar da aka shuka sai an girbe. Kafin girbi sun yi noma tare, sun yi maimai tare, zafin ya huce. Ba zan ce sun koma kamar da ba. Zanar ta daɗe a tsaye, sai da gara ta cinye ta, aka rasa wanda zai kafa wata. Amma ba a je Shinkafi ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin labarin shi ne mai ƙarfi ma yana bukatar mai ba shi a baki. Haka ne, amma wannan na yara ne. Sai da na girma na riƙe gida na gane abin da tsohuwar nan ta yi. An ƙi jin maganarta, ba ta da ƙarfin tare mota, sai ta zauna da ɓawon gyaɗa ta tsara yaƙin da zai riƙe gida guda daga sanyi har damina. Ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya faɗi. Shi ya sa da na zauna shirya wa yaran nan nasu, ban fara da bindigogi da sulke ba. Na fara da tunanin waye a cikinsu ba ya ga maciji da wa, waye kuma ya fara janye jiki daga dangi.

Bayan na yi aure na je gaishe ta, lokacin idonta ya fara rauni. Na ce, "Inna, da ruwan nan bai sauko ba ranar, ya za ki yi da mu?"

Ta yi dariya har da tari. "Ke dai ba ki da wayo har yau. Ai akwai wata rumhwar bisa waccan. Na riga na gina ta."