Akuyar Da Ta Kusa Mayar Da Ni Gida

Abubuwa da yawa na zamana a Alƙahira sun soma dusashewa a kaina, har sunayen wasu malamanmu sai na yi da gaske nake tunowa. Amma ranar da wata akuya, wadda ko numfashi ba ta taɓa yi ba, ta kusa raba ni da karatuna, wannan kam tana nan daram, ba na jin akwai tsufan da zai goge min ita.

Ina shekarata ta uku a jami'a lokacin, ina karanta aƙida. A unguwar Darrasa muke zaune, can saman wani tsohon bene, ni da wata ƙawata 'yar Damagaram mai karatun haɗa magunguna. Ita ce ta jawo min komai. Wata rana zafi ya hana mu barcin rana, sai ta miƙo min wayarta ta ce, "Ke, duba wannan, shafi biyu kawai." Labari ne na zane da wani yake sakawa a intanet duk ranar Alhamis, ba wanda ya san ko mace ce ko namiji, balle ƙasarsa. Na ce mata ni na wuce shekarun kallon zanen yara. Kafin a kira la'asar na cinye mata cajin waya tas.

Labarin wata ƙirƙirarriyar ƙasa ne, wadda mutanenta suke da wasu halittu shida da suke kira alloli, kowanne da launinsa. Na wuta ja ne, na kogi shuɗi, na daji kore, haka dai. Duk mai son yin tsafi a ƙasar aro yake yi daga ɗayansu, kuma da launi ake biya. Jarumar wata marainiya ce 'yar masunta. Ranar da ta yi tsafin wuta don ta ceci ƙauyensu, daga wannan shafin ja ya ɓace a labarin gaba ɗaya, jini ma sai ki gan shi toka-toka. Haka aka yi ta tafiya, shafuka na ƙara koɗewa, mu kuma hankalinmu na ƙara tashi. Mun san sarai ƙarya ce tsagwaronta, irin tatsuniyar da kaka take yi mana a tsakar gida inda dabbobi ke magana. Sai dai daɗinta ya isa.

Abin da ya fi labarin daɗi shi ne musun da ke biyo bayansa. Mai zanen ba ya bayani, sai ya jefo abu ya yi shiru, masu karatu daga ko'ina su yi ta hasashe a ƙarƙashin shafin. Mu ma 'yan Hausa da ke karantawa a Alƙahira muka buɗe ɗan zaurenmu a waya. Ƙawata ta kafe a kan cewa halittun nan shida duk sun daɗe da mutuwa, bokayen ƙasar ne suke ɓoyewa don kada cinikinsu ya tsaya. Wasu suka ce yarinyar ce da kanta za ta zama ɗaya daga cikinsu. Ni kuwa idona na kan wata farar akuya da ke bin yarinyar duk inda ta sa ƙafa. Na lura ba a taɓa zana mata inuwa ba. Na lura duk sanda masifa za ta faɗo, ita ce take fara ɗaga kai. Kuma komai na koɗewa amma farinta na nan fes. Na ce akwai na bakwai da aka ɓoye, kuma ita ce. Ilmin manɗiƙi da ake koya mana don kafa hujja, ni sai na kwashe shi kaf na zuba a kan akuya. Dariya kawai suke min, har "Malamar Akuya" suke kirana.

To, wata Alhamis da safe, ina sauri zan shiga jarrabawa, sabon shafi ya fito. An nuna fadar halittun nan a karon farko, kujeru bakwai reras, ɗaya ba kowa a kai, ga kuma mutuniyata kwance a gindinta tana tuƙa. Na tsaya cak a gaban masu sayar da littattafai, wani mai keken burodi ya kusa kwashe ni yana ta ihu. Ban ko kula shi ba. Na danna waya na ɗauki murya, ina tafiya ina haki, na ce, "Jama'a, na gama bincikena, yau hujja ta fito ƙarara. Na daɗe ina faɗa ana min dariya. Allolin nan ba shida ba ne, bakwai ne, kuma ta bakwai ɗin akuya ce! Ita ke riƙe da komai. Duk wanda bai yarda ba ya zo mu zauna, ni a shirye nake." Na tura, na kashe wayar, na shige aji da murmushina.

Ashe zauren danginmu na tura, ba na ƙawaye ba. Zauren da ke da gwaggonnina da kawunnaina da Umma, da Abba, wanda ko mai gyaran famfo ya zo gidanmu sai ya ji labarin 'yarsa tana Misra tana karanta tauhidi.

Da na fito na kunna wayar, sai ta kama ɓari a hannuna kamar ƙaramin janareta. Salati ne kawai ke shigowa. Wata gwaggona ta jero ayoyin tsari, wata ta turo muryarta tana kuka ba a ma jin abin da take cewa. Babban kawunmu ya rubuta, "Dama ni na faɗa tun farko, ƙasar Fir'auna ce." Na goge saƙon da sauri, amma ina, ya riga ya zagaya har gidajen surukai.

Na kira Umma a tsaye a bakin titi. Na ce, "Umma, wallahi labari ne na zane, wasa muke da ƙawayena." Ta ce, "Na'am, 'yar nan, na ji. Kina dai yin azkar ɗinki ko?" Na ce ina yi, lafiyata ƙalau. Sai na ji ta juya tana gaya wa wani a gefe, "Ka ji ko? Duk wanda abin ya taɓa haka yake cewa, lafiyarsa ƙalau." Abba ya karɓi wayar. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ya ce, "Zan sa a zo a gan ki. Idan abin da nake tsoro ne, ki haɗa kayanki, karatun ya isa haka. Na fi son ki dawo min ba takarda da ki dawo min ba imani." Ya kashe.

A nan dariyar ta ƙare min. Na koma gida. Ƙawata ta saurari saƙon, ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe fuska, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri," sai kuma ta faɗa kan katifa tana dariya har da hawaye. Ni kuwa ina kallon littattafaina ina tunanin wanne zan ɗauka wanne zan bari.

Wadda aka turo wata Hajiya ce, 'yar uwar Umma ta nesa. Kakanninta sun bar ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji suka zauna a Sudan, ita kuma yaƙi ya koro ta Alƙahira, tana unguwar Arba wa Nus tana haɗa turaren wuta da humra. Sau ɗaya na taɓa zuwa gaishe ta, da wata sallah. Ranar Juma'a da hantsi muka ji ana hawo bene ana hutawa ana salati. Na buɗe ƙofa, ga ta naɗe cikin lafaya, da jaka cike da ganyen magarya da habbatus sauda da zuma. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta shige, ta leƙa kicin, ta leƙa bayi, ta duƙa da ƙyar ta duba ƙarƙashin gado. Sannan ta miƙe ta dube ni ta ce, "Ya bitti, 'yata, ina akuyar?"

Na miƙa mata waya. Ta lalubo tabarau ta saka, ta kawo wayar kusa, ta kai ta nesa. Ta ce, "Wannan 'yar abar? Ita ce ta hana uwarki cin abinci tun jiya?" Duk da haka ba ta sake ni ba. Ta zaunar da ni a gabanta ta sa na yi kalmar shahada, na karanta Ƙulhuwallahu, ta yi min tambayoyin da tun ina Islamiyya rabona da su. Ta shafa min addu'a a ka. Sai da ta gamsu sannan ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, ta ce wa ƙawata, "Ɗora mana shayi. Ke kuma faro min daga farko, in ji abin da ya ɗauke miki hankali haka."

Muka faro mata. Ina nuna hoto ina fassarawa, ƙawata na cike abin da na tsallake. Da farko tsaki take ja. Da aka zo inda bokaye suka kori yarinyar daga ƙauyen da ta ceta, sai ta ce, "Kai, amma waɗannan ba su da mutunci." Da aka zo inda kore ya ɓace, itatuwa suka koma kamar toka, sai ta daɗe tana kallon shafin. Can ta ce, "Mai zanen nan ya san abin da yake yi. Haka garinmu ya yi. Ba rana ɗaya ya mutu ba, kaɗan-kaɗan abubuwa suka riƙa fita daga cikinsa." Ta goge ido da bakin lafaya, ta ce, "Yalla, ci gaba."

Da muka iso kan kujeru bakwai, na gyara zama na shimfiɗa mata hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ƙawata ma ta kawo nata. Hajiya ta kurɓi shayi ta girgiza kai. Ta ce, "Ku duka kun ɓata. Uwar yarinyar ce. Wace uwa ce za ta bar 'yarta ta yi wannan doguwar tafiya ita kaɗai? Ko ta mutu sai ta san yadda ta yi ta biyo ta." Na ce ai ba hujja. Ta ce, "Ni na haifa, ke kin haifa?" Muka kaure da musu mu uku, har sai da kiran sallar Juma'a ya tashi daga masallatan unguwa sannan ta tuna abin da ya kawo ta.

Ta kira gida a gabanmu ta buɗe murya. Ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, yarinya imaninta na nan garau, surutu ne ya yi mata yawa. Akuyar ma ta zane ce, ko yankawa ba za a iya ba." Na ji Abba ya sauke wani dogon numfashi. Ya ce in ci gaba da karatuna, amma in koma zauren dangi in yi bayani da bakina. Kafin ta tafi, Hajiya ta kama kunnena ta ce, "Ki riƙa tauna kalma. Sunan nan na alloli ba a wasa da shi ko a tatsuniya." Na karɓi wannan hannu biyu. Daga ranar muka koma kiran halittun "masu launi". Ta bar mana zumar, ta kuma ce duk Alhamis in kira ta in gaya mata inda aka kwana. Labarin ya ƙare bayan mun gama karatu, kujerar nan ta bakwai ashe ta wani ce can daban da ba wanda ya hasaso, akuyar kuwa mai zanen bai taɓa cewa uffan a kanta ba. Har yau kowaccenmu na ganin ita ce da gaskiya.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne kiran da Umma ta yi min da yammacin wannan Juma'ar, ita kaɗai. Ta ce, "Kin san na yi ta maimaita saƙon nan naki? Da farko don tsoro ne. Daga baya kuma sai na ga muryarki nake saurare. Tunda kika tafi, in na kira ki, lafiya lau Umma, karatu alhamdulillahi, shi ke nan. Ban san kina da ƙawa 'yar Damagaram ba. Ban san me ke sa ki dariya a can ba. Jiya ne na fara jin muryarki da rai irin na da, kuma ashe ba ni kika yi wa ba."

Ni a zatona ina sauƙaƙa musu ne, ina ba su labarin da ya kamata a ji daga ɗalibar ilmi, sauran kuma ai shirme ne da bai kai a ɓata musu lokaci ba. Ashe shirmen nan shi suke kewa. Da sun san yadda nake wuni, da wa nake zama, me nake karantawa in na gaji da littattafan makaranta, da saƙon nan dariya kawai zai ba su. Ranar muka daɗe a waya, na ba ta labarin benenmu da mai burodin unguwa da malamin da ke barci a tsakiyar darasi, tana ta dariya tana cewa in ƙara.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda zai yi nisa da gida: kada ka bar naka da "lafiya lau" kawai. Inda duk ka bar musu shiru, tsoro ne zai cike wurin. Ba su labarin ƙananan abubuwanka, har waɗanda kake ganin ba su da amfani, domin da su ne suke gane cewa har yanzu kai ne ɗan da suka raka tasha.