Kukan Zabon da Na Ba Ɗan Baffana

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba, bayan an idar da La'asar, mu uku ne a tsakar gidana a ƙauyenmu kusa da Aujara: ni, da matata tana tankaɗe, da ɗan baffana mai shagon cajin waya a Dutse. A babur ya zo, ya ce gaisuwa ce ta kawo shi. Na girme shi nesa, Yaya yake ce mini.

Ya tarar na baje kayan kiran tsuntsaye a kan buzu ina shafa musu man gyaɗa. Uku ne, na gaje su a wurin mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Na farko ƙwallon goruba ne da aka rarake, na kiran kurciya. Na biyu guntun gora, tsawon yatsa, na fakara. Ya ɗan tsage a gindi, shi ya sa kukansa yake ƙarewa da huci. Na uku ƙahon akuya mai huda a gefe, na zabon daji. Kowane tsuntsu da nasa, wanda ya busa na wani ga wani, hannu rabbana zai koma gida.

Mahaifina ya ba ni su da sharaɗi uku. Ba a busawa daga ruwan farko har a yanke dawa, don lokacin suna kan ƙwai. Ba a ɗaukar fiye da biyu a garke ɗaya. Ba a koya wa wanda bai taɓa kwanciya cikin ciyawa ya saurari daji ba. Na ukun na karya a wannan yammacin.

"Yaya, busa mini na fakarar nan in ji," in ji shi. "Don tarihi. Ku tsofaffi kuna tafiya da abubuwanku."

"Wa ya ce maka tafiya zan yi?"

Ya yi dariya, ya miƙo waya kusa da bakina yana ɗaukar sauti. Na busa sau uku. Na ji daɗi har cikin raina, don an daɗe ba wanda ya tambaye ni.

Damina ta sauka. Wata safiya ina noman farko a gonata da ke bakin fadama, sai na ji fakara tana kira daga ƙasa. Na tsaya. Kira uku, kowane da huci a ƙarshe. Aka yi shiru, aka sake uku, ba bambanci ko kaɗan. Tsuntsu ba ya maimaita kansa haka. Numfashina nake ji.

Na ajiye fartanya na gangara. Na ga sifika rataye a jikin ƙaya, na ga raga an zagaye ciyawa da ita, na ga kwando biyu a bayan babur suna motsi.

"Yaya, ka ga fasaha?" in ji ɗan baffana. "Kai ka yini ka kama biyu. Ni kafin hantsi na cika kwando. Masu suya a bakin titi suna jirana."

"Suna kan ƙwai," na ce.

"To, ƙwan ma ai ci ake yi."

Sati uku yana zuwa. Na kai ƙara wurin baffa, ya ce daji na Allah ne, in bar ƙanena ya nemi abinci. Na ce to. Bayan ya daina zuwa na zaga fadamar ni kaɗai. Na sami sheƙa tara. A bakwai ƙwan ya yi sanyi. A biyu an ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun mutu a tattare, kiyashi ya rufe su. Da muryata aka kira iyayensu. Daga wannan shekarar ban ƙara jin fakara a fadamar nan ba.

Ban yi masa faɗa ba. Ranar suna a gidansa na je, na ci tuwo. Na san zai dawo, don akwai sauran abu ɗaya: garken zabin daji da ke kurmin bayan gonar mahaifina, waɗanda tun ina saurayi nake ɗaukar biyu in bar saura.

Da bazara ta zagayo ya dawo, da leda cike da lemo.

"Yaya, saura na zabo."

Ƙahon nan kuka biyu yake yi. In ka toshe hudar ka busa gaɓa biyu, a hankali, kukan mace ne mai tara garke. In ka buɗe hudar ka kaɗa harshe da sauri, kukan da suke yi ne in sun hango shaho. Wanda ya taɓa kwanciya a ciyawa ba zai haɗa su ba ko yana barci. Shi kuwa duk hayaniyar zabo ɗaya ce a kunnensa.

Na ɗauki ƙahon. Na ɗaga yatsana daga hudar. Na busa.

Abu ɗaya na manta: matata tana kiwon zabi. Kafin in sauke ƙahon, duk sun kwasa a guje sun cusa kansu ƙarƙashin rumbu.

Ya bi su da kallo. "A'a, Yaya, waɗannan ai guduwa suka yi."

Matata ba ta ko ɗago daga turmi ba, ta ce, "Kai ma dai, ɗan birni! Kaza ce ta ƙyanƙyashe su, ina suka san maganar daji? Jiya ma tari Malam ya yi, sai da na kwaso su a maƙwabta."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ƙara busawa, Yaya, da ƙarfi."

"Wannan shi ne mai tara su," na ce. "Ka ƙure sifikar sosai, don su ji daga nesa."

Ƙarya na yi masa, na sani. Na nemi gafarar Allah a kanta. Tasa ban nema ba.

Abin da ya biyo baya ga shi bi da bi. Na farko, ya yi kwana goma yana zuwa kurmin, ina kallonsa daga gona. Yana kunnawa, garken yana tashi ta ɗaya gefen. Na biyu, ya ce sifikar ce ƙarama, ya sayo babba. Na uku, ya tura kukan ga abokan farautarsa na wajen Kafin Hausa da Garki, suka yi ta zaga daji suna korar abin da suka fito nema, har suka dawo suna zaginsa. Na huɗu, ya zo gidana ya zauna a kan buzuna yana cewa an yi wa kayansa asiri.

"Allah Ya kyauta," na ce, na tura masa kwanon fura.

Shekara biyu ke nan. Zabin suna nan. Da kakar bara na ɗauki biyu, na bar saura. Yanzu sun haddace ƙarar babur ɗinsa da amon sifika, ko kukan gaskiya aka sa musu ta cikinta ba za su sauko ba. Don haka ba ni da sauran dalilin ɓoyewa. Kuma bai ishe ni a ce ya sha wahala kawai ba. So nake ya san wanda ya ba shi ita.

Kai mai karatu, in hanya ta kai ka Dutse, ka ga mai cajin waya da raga rataye a bayan shago, yana ba da labarin an kulle masa daji, ka jira sai mutane sun taru a bencinsa. Ka karanta masa wannan da ƙarfi, daga farko. In ka zo wurin sheƙa tara ɗin nan, ka sassauta murya, ka karanta sau biyu.