Bokitan Malam Tukur

Ku da kuka zauna da Malam Tukur a Taman Melati kun san ba ya amsa gayyata sai ya ji halin da teku ke ciki. A tsakiyar Kuala Lumpur fa, inda ba teku! Ka ce, "Malam, mu leƙa shagon mamak mu sha shayi," sai ya ce, "Yau ruwa zai janye da wuri, ina da uzuri."

Uzurin wani ɗan tsibiri ne inda yake binciken digirinsa. Ba gida, ba rumfa, an keɓe shi don tsuntsaye da ƙaguwa. In ruwa ya janye a taka taɓo a shiga, in ya dawo hanya ta rufe. Da yake gidanmu ɗaya, ya taɓa jana can. Muna isa ya rangaɗa sallama.

"Malam, wa kake wa?"

"Masu gida mana. Ku a garinku haka kuke faɗa wa mutane gida?"

Da za mu fito na tsinci bawon katantanwa, sai da ya sa na mayar. Wai ɗakin haya ne, wata ƙaguwar na jiran ta tare.

Da annoba ta zo aka yi kulle, dashen bakau da ya raina don tsibirin, itacen nan mai tsirowa a ruwan gishiri, ya maƙale a hannunsa. Bawan Allah ya kwashe bokitan wankanmu ya jera su a baranda. Gishirin kicin duk ya ƙare a kansu.

"Haba Malam, miya lami!"

"Kai kana da bakin ƙorafi, Habu. Su fa?"

Sai tari ya kama shi. Ranar da masu fararen rigunan leda suka zo ɗaukarsa, numfashi na sarƙe masa yana nuna baranda.

"Safe da yamma. Kada ka yi musu rowar gishiri."

Haushi ya sa na daka masa tsawa, "Malam, ka ji da kanka!" Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ba a bar mu mun yi masa wanka ba. Daga nesa muka tsaya a maƙabarta, matarsa tana kallo daga Funtua ta wayata. Ta ce, "Habu, bai bar wani saƙo ba?" Wallahi na rasa bakin ce mata maganar gishiri ce.

Ni ma cutar ta kwantar da ni. Na tsani bokitan nan, amma da rarrafe nake zuwa in ba su ruwa. Suka yi ta bushewa, ɗaya tal ya rage.

Da aka buɗe hanya, mai gadin tsibirin ya bar ni na shiga da dashen da ya rage. Na tsaya cikin taɓo har gwiwa, rungume da bokiti, na yi sallama da ƙarfi. Na gaya wa masu gida baƙonsu ba zai ƙara zuwa ba, ga abin da ya aiko.

Allah Ya jiƙan Malam Tukur, Ya raya abin da ya bari, na Funtua da na taɓo.