Ranar da Baba Ya Ƙi Buga Ƙarfe

Jiya na ɗauki sandar buga ƙarfen majami'armu, sai na ga tsumman da marigayi Baba katekis, mai koya mana addini, ya naɗa mata, ya yi baƙi da gumin hannunsa.

Wata Lahadi sabon limaminmu, wanda muke kira Monper, ya iso daga Maraɗi, ya ce a buga. Baba ya ƙi. Maƙwabcinmu Musulmi ya rasu, ƙamshin turaren likkafani har cikin majami'a.

"Monper, bagadi naka ne," in ji Baba, "amma unguwa mu muka san ta. Rakiyar gawa tukuna."

Monper ya tuɓe rigar sujada, ya bi shi maƙabarta. Sai da rana ta take muka yi addu'a, babu ƙarfe.

Baba, yadda ka raka na wasu, Allah ya tarbe ka da kansa.