Makullin Da Hajiya Ba Ta Ɗaure A Haɓar Zane Ba

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon littattafan da malamin makaranta zai iya ara, kuma duk abin da na tsinta bai wuce tambaya ɗaya ba: makulli a hannun wa yake? Sauran, da yaƙe-yaƙen da jawaban, duk sharhi ne. Lokacin da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki, ƙasa ta ɗauka ta amsa tambayar. A gidanmu na unguwar Sheshe ko tayar da ita ba a yi ba. Makullin ɗakin hatsi, da na kabad ɗin sukari, da na wani akwati da babu wanda ya san cikinsa, duk suna ɗaure a haɓar zanen Hajiya, mahaifiyata.

Ni ne ɗanta na fari, kuma duk ɗan birni ya san hukuncin wannan laifi. Na kai arba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana da magana da ni sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin nan tuwonsa na hucewa," alhali ina zaune a gabanta. Autarta kuwa, ƙanwata, sunanta ya fi sallama yawa a gidan.

Da na ishi kowa da zancen kwamfuta, Hajiya ce ta sa aka sayar da wani bijiminta a ƙauye, wai a saya wa "wancan" ko mutane sa huta da wa'azi. Wanda ya haɗa mana ita, wani magidanci ɗan Gwammaja, ya ce dole na'ura ta san mai gidanta, wanda zai riƙe kalmar sirri. Ladabi ya sa na ce ai mai bijimi ce mai gida. Ya yi sallama ya shiga ciki, ya fito da guntuwar takarda, ya buga abin da ke kai, ya yayyaga. Ni kuma ya buɗe mini ƙaramar ƙofa: in rubuta, in buga, in kashe.

Sai bakina ya jawo mini. A taron malamai na yi wa tsohon injin sitensil ɗinmu jana'iza da balaga, na ɗauki alkawarin buga takardun jarrabawar makarantar gaba ɗaya a gidana. Aka tura injin sito. Jarrabawa Litinin.

Ran Alhamis na kawo faifan manhajar da za ta tsara tambayoyin da zane-zanensu. Na fara saka ta a na'ura, ta tafi sumul har dab da ƙarshe, sai ta tsaya cik, ta ce da Turanci ba a ba ta izinin rubutu a rajista ba. Na sake, ta sake. Na goge faifan da gefen riga, na hure shi, na yi masa tofi kamar yadda ake yi wa ciwon kai. Ɗan Gwammaja kuma ya tafi Legas sayen kaya, kuma lokacin babu mai waya a aljihu.

Bayan an sauko daga Juma'a ƙanwata ta zo gaisuwa daga gidan mijinta. Ta yi kwas ɗin kwamfuta, abin da nake yawan mantawa da gangan.

"Yaya, daina goge faifan nan kafin ya ƙare. Lafiyarsa ƙalau."

"To mene ne rajista?"

"Kundi ne a can ƙuryar na'ura. Duk manhajar da za ta zauna sai an rubuta ta a ciki, kamar baƙo a wurin mai unguwa. Kai kuma ba a ba ka alƙalamin ba."

"Ni? A ɗakina?"

"Ɗan haya ne kai, Yaya. Sai mun shiga ta ƙofar mai gida, mu buɗe kundin, mu ba ka izini."

Muka sami Hajiya a tsakar gida tana tsince zogale a faifan kaba. Ƙanwata ta roƙi kalmar.

"Mai haɗa na'urar ya ce in zaɓi abin da ba zan faɗa wa kowa ba," in ji Hajiya. "Na zaɓa."

"To ki raɗa mini, ni kaɗai."

"Ke kaɗai ba kowa ba ce?"

"Ki rubuta da ajami, kamar yadda kika yi masa."

"Na rubuta sau ɗaya. Ba na maimaita allo."

Da na ga abin zai lalace, sai na yi amfani da tarbiyyar gida. Na dubi bango na ce, "A gaya wa Hajiya mutuncin wani zai zube ran Litinin."

Ta daɗe tana tsince ganyen da babu komai a cikinsa. Sannan ta ce wa faifan zogalen, "A gaya masa suna ne, wanda bakina bai saba da shi ba. In ilimin na gaske ne, ya nemo."

Muka koma ɗaki muka jero mutanen da kunya ta hana ta ambata. Marigayi mahaifinmu, sau ɗaya da Alhaji a gaban sunan, sau ɗaya babu. Mahaifinsa. Mahaifiyarsa. Yayansa. Na'urar ta ƙi su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da girmama kowa ba.

"Yaya, saura mutum ɗaya."

"Wa?"

"Allah ya shirye ka. Wai kai ne ke koyar da 'ya'yan mutane."

Ta jawo allon bugawa ta rubuta sunana, na yanka, cikakke. Ƙofa ta buɗe.

Sauran aikin bai kai tafasar shayi ba. Ta buɗe kundin, ta bi reshe-reshe har wanda ya ƙi, ta ba ƙofata cikakken izini, manhaja ta shige ta zauna. Ni ban gani sosai ba, na fita zaure na tsaya ina zargin hayaƙin mai ƙosai. Shekara arba'in, ashe tare da makullai aka ajiye ni. Na koma ciki na durƙusa gaban Hajiya.

"A gaya wa mutumin nan ya tashi," in ji ta, "ya tare mini haske."

Aka yi jarrabawa ran Litinin da takardu fes. Na yi makonni ina ba da labarin a ɗakin malamai, kullum da ƙarin sharhi a kan kunya da zurfin son uwa. Har na fara tunanin rubuta maƙala.

Sai na ci karo da ɗan Gwammaja a Shahuci, ya dawo. Na tsayar da shi a rana na kwashe masa duka. Ya saurara da ladabi har na gama.

"Ai Malam, sunan autarta ta fara rubuta mini, na ce wannan ko kajin gidan sun haddace. Ta rubuta na marigayi, ya yi gajere, ni kuma ba na sa ƙasa da haruffa takwas. Naka ne kawai ya kai."

Na ƙirga a hanya. Takwas ne cif.